Niyyar safe ba ta kai magariba

Ranar da likita ya ɗaura min abin awon jini a damtse, ya duba, ya kwance ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun, na san akwai magana. Na zaci zai tambaye ni abin da nake ci. Sai ya ajiye biro ya ce: "Malam, wa yake dafa maka abinci?" Na yi shiru, don amsar tana da tsawo. Da safe mai shayin bakin layinmu ne. Da rana wata baiwar Allah ce mai rumfa a bayan ofis. Da dare kuwa duk wanda Allah ya haɗa ni da shi a hanya, ko mai tsire, ko mai shawarma, ko in koma wurin mai shayin nan dai ya soya min taliya da ƙwai uku. Iyalina suna Kano, ni ina Abuja wajen aiki, ina leƙa gida sau biyu a wata. Irinmu gwaurayen dole muna da yawa a garin nan. Likitan ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da mai da zaƙi, in sauke kilo goma, in dawo bayan wata uku.

Na fito daga asibitin da niyya mai zafi. A ranar na sayi tukwane biyu da wuƙa da ƙaramar tukunyar gas. Na yi girki kwana huɗu cur. A rana ta biyar cunkoson Nyanya zuwa Mararaba ya riƙe ni har bayan isha'i, na iso unguwa ba wuta, ƙanshin tsire kuma ya tare ni tun daga inda ɗan acaɓa ya sauke ni. Tukwanen nan wata biyu suka yi suna shan ƙura.

Tun daga lokacin nake kasa kunne idan masu son rage ƙiba suna hira, kuma kukan kusan ɗaya ne. Kowa ya san girkin gida ya fi, kowa ya taɓa farawa, kowa kuma yana cewa ƙwarin guiwa ne ya rasa. Ni a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba. Ƙwarin guiwa muna da shi, har ya yi yawa, amma da ƙarfe bakwai na safe yake zuwa, lokacin da ciki yake a kwance, jiki kuma ya huta. Mutumin da zai yanke hukuncin abin da za a ci da ƙarfe takwas na dare wani ne daban. Ya gaji, yunwa tana cinsa, maigidansa ya ɓata masa rai a ofis, ƙafarsa ta yi tsami a mota. Duk wanda ya bar wa wannan gajiyayyen zaɓi tsakanin yanka albasa da miƙa wa mai shayi kuɗi, ai ya san amsar tun kafin a yi tambaya. Don haka neman ƙarin himma ɓata lokaci ne. Abin nema shi ne yadda za a ƙwace hukuncin daga hannun mutumin dare a damƙa wa na safe.

Kafin in kai can, bari in wanke masu sayar da abinci, domin akwai masu wa'azin lafiya da suke maganarsu kamar maƙiya. Matar nan ta bayan ofishinmu ba ta cuce ni ba. Tun asuba take hura wuta, da sana'ar take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta, rumfarta kuma ta fi kicin ɗin gidaje da yawa tsafta. Sai dai ita don a dawo take dafawa. Wanda ya ci ya ji daɗi shi ne zai dawo gobe, abubuwan da suka fi arha wajen faranta wa harshe kuwa su ne mai da gishiri da dunƙule. Miyar da mai bai taso a samanta ba, mai saye zai ce an yi masa rowa. Sannan farantinta da ɗan dako aka auna shi, da birkila, da mai tura baro, mutanen da za su ƙone tulin shinkafar nan kafin la'asar. Ni da nake wuni a kujera gaban kwamfuta sai in karɓi rabon mai ɗaukar buhun siminti in tashi da shi, in kora da lemon kwalba, in koma in zauna ina gyangyaɗi.

Lissafin ba shi da wuya. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, alhali na sitaci ko na sukari 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Wannan jan man da yake kwanciya a gefen faranti idan an zuba miya, wa ya taɓa ƙirga cokali nawa ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a wuni ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda yake ɓoye a cikin burodi da dunƙule da yajin tsire. Shi dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Sukari kuma hukumar ta ce kada ya wuce kimanin giram 50 a wuni, in da hali ma a tsaya a 25. Lemon roba ɗaya mai santilita 50 yakan ɗauke kusan giram hamsin ɗin nan shi kaɗai. Haɗin kaurin da nake sha da safe kuwa, da idona nake ganin mai shayi yana zuba sukari da babban cokali, yana tuttula madara, ni kuma ina cewa a ƙara. A waje, ludayi yana hannun wani. Kai naka buɗe baki. A gida, ko me ka zuba, aƙalla ka ga shigarsa.

Masu bincike ma sun auna abin. A 2019 wani masani mai suna Kevin Hall, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya killace mutum 20 na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'antu suka sarrafa, mako biyu ana ba su wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, kuma an ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, kowane mutum ya riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 a rana ba tare da ya yi niyya ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka sauke kusan kilo ɗayan. Gaskiya ne tuwon mai rumfa ba abincin masana'anta ba ne. Amma taliyar leda da biskit da lemo da abin da ake cusawa a cikin shawarma duk 'yan gidan ne, kuma su ne abincin daren ma'aikaci a biranenmu yanzu. Wani binciken da Julia Wolfson da Sara Bleich suka yi a Jami'ar Johns Hopkins, a kan manya sama da dubu tara, ya nuna masu dafa abincin dare a gida sau shida ko bakwai a mako suna cin kalori kimanin 140 ƙasa da waɗanda ba sa dafawa ko suke dafawa sau ɗaya, ko suna neman rage ƙiba ko ba sa nema. Kalori 140 cokalin mai ɗaya ne da ɗan ɗoriya. A rana ɗaya ba komai ba ne. Tumbin nawa ma ai ba rana ɗaya ya fito ba.

To amma kada wani ya ɗauka duk abin da ya fito daga tukunyar gida waliyyi ne. Na san gidajen da miyar dage-dagensu ta fi ta kowace mai rumfa mai. Mun ɗauki mai a matsayin shaidar wadata da iya girki, har amarya takan ji kunya ta kai wa dangin miji miyar da ba ta ƙyalli. Masarar tuwo sai an surfe ta fes an zubar da dusar, wato an ba awaki abin da ya fi amfani an bar wa mutane farin gari. Malmala uku ce rabon maigida, da man shanu a kai. A watan azumi kuwa, wanda ya kamata jiki ya sami sauƙi, sai ka ga faranti bakwai a gaban mutum ɗaya kuma biyar daga ciki soyayyu ne. Akwai kuma masu cewa tunda acha ko alkama ce, a ci a ƙoshi ba komai. Acha hatsi ce, alkama ma haka, in ka cika kwano da su ka cika shi da sitaci ne. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, na kasa ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi, kowa ya haddace shi tun yana Islamiyya, amma a bakin kwano ake mantawa. Girkin gida dama ce kawai ta riƙe ma'auni. Wanda ya samu damar ya ƙi aunawa, gara ma ya ci a rumfa ya huta da wanke-wanke.

Yanzu ga maganar da na fi son a yi, wadda ba a cika yi ba. A ƙasar Hausa, da yawa daga cikin masu wannan matsala maza ne, kuma yawancinsu ko ruwan zafi ba su iya dafawa ba. Ba haka aka haife su ba, haka aka rene su. Yaro ya leƙa kicin, uwa ta kore shi: "Fita, nan ba wurin maza ba ne." Ya girma ya yi aure, ranar da aka gan shi riƙe da muciya sai a ce mijin-ta-ce, ko a jefe shi da sunan da ya fi wannan muni. Abin dariyar shi ne, fita titi ka duba masu ciyar da gari. Mai shayi namiji ne. Mai tsire da mai balangu da mai kilishi maza ne. Mai gasa burodi namiji ne, kukun otal ma haka. Ashe girkin namiji ba abin kunya ba ne in dai kuɗi za a ba shi, sai in don lafiyarsa da ta iyalinsa zai yi. Kakanninmu fatake da suke kai goro daga Gwanja, wa yake dafa musu a zango in ba mata a ayarin? 'Yan ci-rani fa? Mu kanmu da muka yi jami'a, wa bai ci dafa-duka ko garau-garau na kan risho a ɗakin kwanan ɗalibai ba? Mun iya a lokacin. Muna karɓar albashin farko muka manta.

Kuma ba addini ne ya hana ba. A cikin Buhari, an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Malamai suna karanta mana wannan a wajen ɗaurin aure, mu gyaɗa kai, mu koma gida mu miƙe ƙafa muna jiran a kawo.

Sakamakon wannan tarbiyya shi ne dubban magidanta irina a Abuja da Legas da Fatakwal, da direbobin manyan motoci, da 'yan kasuwar da suke wuni a Kantin Kwari ko Singa, waɗanda cikinsu yake hannun duk wanda ya kafa tukunya a bakin hanya. Bincike daban-daban a Najeriya suna nuna kusan ɗaya cikin kowane manya uku yana da hawan jini, da yawa kuma ba su ma sani ba. Idan likita ya ce wa irin wannan mutum ya rage gishiri, me zai yi? Ya je ya ce wa mai rumfa ta dafa masa tukunyarsa daban?

Akwai uzurin da nake karɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 kuma ya wuce naira dubu goma sha biyar. Mutum ɗaya da zai dafa abin da zai ci sau ɗaya, idan ya haɗa kuɗin gas da kayan miya da lokacinsa, wani lokaci saye ya fi masa sauƙi. Ga rashin wuta, ka sayi tumatir ranar Lahadi, ranar Laraba ya zama ruwa a firjin da ya koma kabad. Ga wanda yake kwana a shago, ko su huɗu a ɗaki ɗaya, ba shi da ma inda zai ajiye murhu. Wannan ba na ce masa komai, sai dai ya roƙi mai abinci ta tsame masa miya daga ƙasan tukunya, ta rage shinkafa ta ƙara wake da ganye, ya kuma bar lemo ya sha ruwa.

Amma ga mai ɗaki da murhu, maganar firji ba ta kai yadda muke zuzuta ta ba, domin girkin Bahaushe tun asali ba da firji aka gina shi ba. Kuka garinta ake ajiyewa. Kuɓewa busar da ita ake yi. Ga kauɗar tumatir, ga daddawa, ga busasshen zogale da rama, ga karkashi, ga bandar kifi, ga ƙuli-ƙuli, ga garin ɗanwake. Duk waɗannan sai su yi wata da watanni a kwano ba abin da ya same su. Ga wake, wanda ba ƙasar da ta kai Najeriya noma shi a duniya, yana riƙe ciki tun safe har la'asar, amma mun mayar da shi abincin marar galihu. Ranar da na dawo daga Kano da ƙullin kuka da daddawa da busasshen zogale da uwargida ta haɗa min, ranar na gane cewa abin da na yi ta nema a shagunan Abuja yana cikin kicin ɗin tsohuwata tun ina yaro.

Abin da ya dawo da ni kan tukwanen nan a karo na biyu ba wani sabon tsoro ba ne. Dabara ce na sauya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Lahadi bayan la'asar nake shiga kasuwa, lokacin ina da hutu kuma a ƙoshe nake, don mai yunwa in ya shiga kasuwa shirme yake saya. In kai markaɗe, in dawo in tafasa kayan miyan har ruwan ya tsotse, don tafasasshe ya fi ɗanye jure rashin wuta. In gyara wake in dafa mai yawa. In dafa ƙwai. Man da zan ci a mako in auna shi da cokali in zuba a wata 'yar kwalba, galan ɗin kuma in tura shi can ƙarƙashin gado. In kwalbar ta ƙare ranar Alhamis, to Juma'a da Asabar dafaffe za a ci. Aikin duka bai wuce awa biyu ba, ina yi ina sauraron rediyo. Idan na dawo da dare a gajiye, ba girki ne a gabana ba, ɗumame ne.

Sai kuma na rage buri, wanda shi ne ya fi wuya. Bidiyon girkin da suka cika TikTok da Instagram sun sa muna ganin girki wani biki ne, sai da kayan ƙamshi kala goma da tukwane huɗu da faranti mai ado. Mai kallon wannan da ƙarfe tara na dare ba zai tashi ya kunna wuta ba. Ni yanzu abincin darena bai wuce kwaɗon zogale da ƙuli ba, ko faten wake da alayyahu, ko ɗanwake da ƙwai da tumatir da kabeji, ko miyar kuka da malmala ɗaya ƙarama. Minti goma sha biyar, tukunya ɗaya. Na nace a kan tukunya ɗaya domin na gano ba girkin ne yake kore ni daga kicin ba, wanke-wanken ne. Kwanon jiya da ya kwana a jiƙe ya fi kowane mai tsire iya tura mutum waje.

Akwai wasu 'yan dabaru da zan ji kunyar faɗa a gaban manya, amma sun yi aiki. Kafin in bar ofis nakan ci ayaba ɗaya ko 'yar gyaɗa, don kada yunwa ta raka ni cikin cunkoso. Na kuma ce wa 'yan acaɓa su riƙa sauke ni ta bayan layi, inda ba teburin mai tsire, domin na gwada jarumtar wucewa ta gabansa na ga ba ni da ita. Kular abinci da na fara ɗauka zuwa ofis ta jawo min tsiya ta mako guda. "Yallaɓai an koma firamare ke nan?" Yau mu uku ne masu kula a ɗakin, har mun fara ciyayya irin ta majalisar unguwa, kowa ya buɗe tasa a haɗa. Tsire kuwa ban daina ba, kuma ba ni da niyyar dainawa. Ranar Juma'a ce ranarsa, ba lemo, kuma ina cewa a cire kitsen. Wanda ya rantse ba zai ƙara cin abin da yake so ba har abada, shi ne ake samu ranar Laraba yana cin na mako guda a zama ɗaya.

Na yi ta maganar maza don ni namiji ne, amma nauyin da ke kan mata ya fi. Matar da take dafa wa mutum goma kullum ba ƙwarin guiwar shiga kicin ta rasa ba, ai a ciki take wuni. Matsalarta ita ce an ce ta rage ƙiba, maigida kuma ya ce shi ba zai ci miyar asibiti ba. Sai ta ɗora tukunya biyu, ta yi mako guda ta gaji, ta koma cin na kowa, har da ragowar na yara don kada a zubar. Ma'aikaciya kuwa da za ta dawo gida tare da mijinta a mota ɗaya, shi ya kwanta ita ta shiga kicin, in ta ce a tsaya a sayi na leda a hanya wa zai ga laifinta? A nan maganar ta koma kan maigida. Tukunya ɗaya ya kamata a yi wa gida duka, mai ɗan mai da ɗan gishiri, don yaran da ake cewa ba ruwansu su ne masu hawan jinin shekara talatin masu zuwa. Sannan ledar nan ta dare, ta kaza ko tsire da lemo, wadda muka ɗauka ita ce alamar miji na gari, ba laifi in wani daren ta zama ta kankana ko gwanda. Da na fara kai irin wannan leda gida, uwargida ta buɗe ta dube ni ta ce: "Baban Ummi, albashin ne bai shigo ba?"

Wannan tambayar tata ita ce ɗaya katangar. Mu a wurinmu ƙiba hutu ce, rama kuwa ko ciwo ko talauci ko matsalar gida. Har yau akwai 'yan matan da suke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su ciko kafin biki. Da na sauke kilo shida, ba wanda ya ce min sannu da ƙoƙari. Abin da na sha ji shi ne "Lafiya kuwa? Ka faɗa fa." Hajiyarmu har kiran matata ta yi gefe tana tambaya ko wani abu yana damuna a wajen aiki, ta sa aka yi min tuwon shinkafa da miyar taushe da man shanu, ta zauna tana kallo sai na cinye. Na cinye kuwa. Wa zai yi gardama da mahaifiyarsa a kan malmala? Washegari dai na koma kan ma'aunina.

Gwamnati ta ɗan taɓa gefen maganar. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wato naira biyar a robar santilita 50, kuɗin da ko yaro ba zai ji a jikinsa ba. Ni da za a tambaye ni, da na ce a duba abin da Brazil ta yi a 2014, lokacin da ma'aikatar lafiyarta ta fitar da jagorar cin abinci ga 'yan ƙasa. Maimakon ta tsaya ƙirga sinadarai, sai ta ce wa mutane su gina cimarsu a kan ɗanyen kaya, su koyi girki su koya wa na baya, su ware wa abinci lokaci, su ci tare da mutane. Mu nan darasin girki a makarantunmu an bar wa 'yan mata, in ma ana yinsa. Yaron da zai gama sakandare ya tafi jami'a, ya tafi bautar ƙasa a jihar da bai san kowa ba, ya yi shekara goma yana aiki kafin ya yi aure, an sallame shi bai iya dafa wake ba. Ofisoshin da suke da ɗakin taro na alfarma kuma ba su da ko kusurwar da ma'aikaci zai ɗumama abincinsa.

Wancan zuwan da na yi Kano, na shiga kicin da ɗana mai shekara goma sha biyu na ce yau mu za mu yi ɗanwake. Ya kwaɓa garin ya yi ruwa, muka ƙara gari, ya yi tauri, muka ƙara ruwa, har kwaɓin ya isa gida biyu. Kakarsa tana tsakar gida a kan tabarma tana jan carbi, tana leƙowa tana cewa wannan zamani da me ya yi kama. Da aka sauke, shi na ba cokali ya auna man, ya zuba biyu ya dube ni, na ce ya isa. Hajiya ta ci loma uku ta ce kanwar ta yi yawa, sannan ta miƙo kwanon a ƙara mata.